Shekara Huɗu a Bakin Layi

A jami'ar babu wanda ya riƙe sunansa na yanka, in ban da masu ajiye takardun ma'aikata. Ɗalibai Baban Katako suke ce masa, malamai su ce Baba kawai, shi ma ya amsa har ya saba. A takarda aikinsa kula da zauren wasanni ne: ya buɗe, ya rufe, ya ba da ƙwallo, ya karɓi ƙwallo. Amma duk wanda ya taɓa leƙa zauren ya san ba wannan ne ya dame shi ba. Abin da ya dame shi a duniya shi ne daɓen katakon da ake buga ƙwallon kwando a kai.

Da ƙuruciyarsa ya zo wurin, yana cikin kafintocin da suka shimfiɗa daɓen. Wata huɗu suka yi a durƙushe suna jera fallayen katako ɗaya bayan ɗaya, har gwiwoyinsa suka yi kanta. Da aka gama, sauran suka tattara zarto da guduma suka yi gaba. Shi kuwa daraktan wasanni na lokacin ya same shi yana bin saƙo-saƙo yana goge ƙura a inda ba mai dubawa, ya tambaye shi ko zai zauna. Ya ce zai gwada. Gwajin nan shekara talatin da huɗu ya ci.

Yana da hanyarsa ta aiki, kuma ba ya son a koya masa wata. Ruwa ba ya taɓa katakon, sai tsumma mai ɗan laima da aka matse har hannu ya yi zafi. Kowace safiya kafin kowa ya zo yakan bi filin da ƙwallo yana bugawa yana saurare, in wani wuri ya yi ƙarar da ba ta kwanta masa ba, ya san wani abu ya saki a ƙasa. A bakin ƙofa yana da benci, a nan yake zama da yamma. Duk mai shiga sai ya ɗaga masa ƙafa kamar wanda ya taka ƙaya, shi kuma ya bi ƙasan takalmin da babban yatsa yana neman tsakuwa. Shugaban jami'a ma da ya kawo baƙi su ga zauren, da safa ya shiga, baƙin na biye da shi riƙe da takalmansu suna murmushin dole.

A gida kuwa ba a san shi da wannan tsanani ba. Yara su hau kujera su diro, su zubar da shayi a tabarma, ko kallo ba su ishe shi ba. Ƙofar ɗakin girki ta shekara uku tana jan ƙasa a gidan kafinta. Uwar 'ya'yansa takan gaya wa maƙwabta cewa 'ya'ya shida gare su, biyar ita ta haifa, babban wansu kuma yana can jami'a a kwance ana goge shi safe da yamma. Baba yakan yi dariya, don shi kansa bai ga ƙarya a maganar ba.

A shekararsa ta biyar aka yi masa abin da bai manta ba. Ranar da ya kai matarsa asibiti haihuwa, aka ba wasu leburori mukulli su shigar da lasifikoki saboda wani taro. Suka loda su a amalanke mai tayar ƙarfe suka ja, tun daga ƙofa har tsakiyar fili. Da ya dawo ya tarar da tsaga doguwa kamar an yi da wuƙa. Darakta ya wanke shi tas a gaban jama'a, ya ce in aka sake to ya nemi wani aikin, kuma ba wanda ya tuna cewa mutumin ba ya nan aka yi ɓarnar. Mako uku ya yi yana cikewa yana gogewa. Da ya gama ya samo allo ya rubuta dokoki huɗu da jan fenti ya kafa a bakin ƙofa. Ba a shiga da takalmin waje, ba a shiga da abinci, ba a jan kujera. Ta ƙarshe ya yi ta da manyan baƙaƙe: ba a shiga da duk wani abu mai taya. Amalanke ce a ransa lokacin da yake rubutawa, ba wani abu ba.

Yana shekara ta sha tara a aiki wani sabon ɗalibi ya zo. Baba na kan benci ya hango shi a ƙasan matakala ukun da ke bakin zauren, zaune a keken guragu yana leƙen masu wasa ta ƙofa. Shan inna ya shanye masa ƙafafu tun yana ƙarami, amma daga ƙugu zuwa sama ƙato ne, kafaɗa kamar ta mai ɗaukar buhu. Ya gaishe da Baba cikin ladabi, ya ce ko za a ɗan ba shi ƙwallo ya riƙe. Da aka miƙa masa ya ɗora ta a kan yatsa ɗaya ya juya, tana juyawa yana ba da labarin makarantar da ya fito, inda wani malaminsu ya koya musu wasan a filin siminti. Baba ya kira ɗalibai biyu, su uku suka ɗaga shi da keken suka haye matakalar.

Abin ya tsaya wa Baba a rai, a ce sai an ɗaga namiji kamar kaya kafin ya shiga wuri. Ranar Asabar ya ɗauko zartonsa da ya daɗe bai taɓa ba, ya yi gangara ta katako a gefen matakalar, mai kyau, wadda ba ta motsi. Ya shimfiɗa tabarmar roba daga ƙofa zuwa teburin masu rubuta maki, a gefen fili, taki ɗaya daga farin layi. Ba wanda ya sa shi. Ranar Litinin ɗalibin ya hau gangarar da kansa, ya yi godiya har Baba ya ji kunya. Sannan ya dubi inda tabarmar ta ƙare ya ce, "To Baba, ta ina zan shiga fili?"

Baba ya nuna masa allon.

Yaron ya karanta, sai ya ce ai tayar nan ita ce takalminsa, a duba ta da yatsa kamar yadda ake duba na kowa, in akwai tsakuwa a cire. Baba ya tuntsire da dariya, ya tambaye shi me yake karantawa. Da ya ji shari'a ce, ya ce wallahi ba su yi kuskuren ɗauka ba. Daga ranar ya zama Lauya a bakin kowa. Amsar tambayarsa dai ba a ba shi ba, dariyar ta cinye ta.

Maimakon fili, Baba ya ba shi littafin maki da agogo da usur. Zauren bai taɓa samun mai rubuta maki irinsa ba. Ba ya kuskure, ba a yi masa gardama, in alƙalin wasa ya rikice shi ake waiwaya a tambaya. Baba ya riƙa ajiye masa shayi a fulas, yana kiransa ɗana, yana nuna shi ga baƙi yana cewa nan ba mu bar kowa a baya ba. Kuma da gaske yake, son yaron yake yi. A nan ma matsalar take. Da mugu ne, da Lauya ya san yadda zai yi da shi, don baki gare shi kuma bai da tsoro. Amma ta ina za ka fara faɗa da mutumin da ya yi maka gangara da hannunsa, yake hura maka shayi?

Akwai wani tsohon filin siminti a bayan zauren, kusa da ɗakin janareta, duk ya tsattsage, ciyawa ta fito ta tsagar, ƙarfen kwandon ya sunkuya. Baba ya ba Lauya wata tsohuwar ƙwallo da ta sulɓe, a can yake zuwa da rana kafin a fara wasa. Wani lokaci abokai su taya shi na minti goma, rana ta ishe su, su gudu ciki inda ake da inuwa da fanka. Ya rage shi kaɗai, ya jefa, ya tura keke ya bi ƙwallon cikin ciyawa, ya dawo ya sake jefawa. Tagar ɗakin ajiyar kaya tana kallon wurin, kuma Baba ya sha tsayawa yana ƙirgawa ba tare da ya yi niyya ba. Ya taɓa ƙirga sha bakwai cikin ashirin. Mutumin da ya shekara sha tara yana kallon ƙwallo ba sai an gaya masa ba, hannun nan ya fi na rabin 'yan ƙungiyar jami'a. Yakan girgiza kai ya ce Allah Sarki, ya koma ga tsummansa.

A shekara ta biyu Lauya ya dawo hutu da wani abu a leda. Tayoyi ne biyu masu launin toka, kawunsa ya aiko masa, irin waɗanda aka yi musamman don daɓen katako. Ya ce ba za su taɓa taka ƙasar waje ba, a bakin ƙofa zai riƙa canzawa kamar yadda kowa ke canza takalmi. Bai ma nemi fili ba. Cewa ya yi a gwada a bayan ƙofa, wajen da ba mai gani, tsawon taƙi ɗaya kawai, in ta yi alama shi da kansa ba zai ƙara tayar da maganar ba.

Baba ya karɓi tayar ya bi ta da yatsa. Laushi gare ta, kuma ta fi duk takalman da ya duba a ranar tsabta. Wani abu a zuciyarsa ya ce masa gwada mana. Sai tsagar nan ta faɗo masa a rai, da muryar darakta a gaban jama'a, ya kuma tuna cewa in ya buɗe wa ɗaya gobe goma za su zo, jibi kuma mai amalanke ya ce shi ma taya ce. Ya mayar da ita cikin leda ya ce bari dai a gama gasar nan. Da aka gama gasa ya ce bari a gama jarrabawa. Da aka gama jarrabawa ya ce an shafa sabon mai, sai ya bushe sosai. Bai taɓa cewa a'a ba, shi ya sa yake ganin bai hana kowa komai ba. Tayoyin suka zauna a ɗakin ajiya a kan kwalin raga.

A shekara ta uku Lauya ya yi abin da ya iya, ya rubuta wa darakta takarda. Shafi biyu, ya kawo hujjoji, ya ambaci tayoyin, ya ce akwai wasu ɗalibai huɗu masu keke da su ma za su so. Daraktan wannan lokacin wani ne daban, mutumin kirki amma ba ya son abin da zai ɗaga masa hankali. Wata yamma ya tsaya a bakin ƙofar zauren, mukullin mota a hannu, ko ciki bai shiga ba. Ya ce wa Baba yaron nan nasa ya rubuto, shi kuwa bai san komai a kan katako ba, in Baba ya ce babu laifi to babu laifi.

Lauya na can bayan zaure, ana jin ƙarar ƙwallonsa a kan siminti.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, zai ɓata katakon."

Darakta ya ɗora takardar a jikin bango ya yi ɗan rubutu a kusurwa, ya shiga mota. Duka abin bai kai minti ɗaya ba.

Bayan mako guda Lauya ya zo da amsa a ambulan, wai ba a amince ba saboda dalilan kula da kayan jami'a. Ya miƙa wa Baba ya karanta. Baba ya ninke ta ya mayar masa, ya ce manyan nan sai haƙuri, ba su san halin da ƙananan mutane ke ciki ba. Har tsaki ya yi. Lauya ya dube shi ya ɗan jima, ya ce haka ne Baba, ya buɗe littafin maki.

Ranar Baba bai ci abincin kirki ba. Uwar 'ya'yansa ta matsa masa, ya gaya mata, yana yi yana kare kansa tun ba a zarge shi ba. Ta bari ya gama, ta tambaye shi ko ya gwada. Ya ce abin da mutum ya sani ba sai ya gwada ba. Ta ce ita dai ta san shi da gwada katako sau goma kafin ya sa masa zarto, ba ta san yaushe ya daina ba. Ya ce mata ba ta san aikin ba. Ta kwashe kwanukan ta bar shi.

A shekara ta huɗu Lauya bai ƙara tayar da zancen ba, Baba kuwa ya ɗauka magana ta mutu, har ya ji sanyi a ransa. Kullum Lauya yana zuwa, ya hau gangara, ya bi tabarma, ya zauna a teburinsa. Ranar wasan ƙarshe kafin su gama karatu 'yan ƙungiya suka ce za a ɗauki hoto a tsakiyar fili, kuma dole da Lauya. Suka ce za su ɗauke shi a hannu su bar keken a gefe, Baba ya yi saurin cewa wannan babu laifi. Lauya ya ce a'a, in suna son hoto da shi su zo inda yake. Haka aka yi hoton, ƙattai goma sha biyu sun cunkushe a bayan teburi. Ya miƙa wa Baba usur da agogo, ya karɓi tayoyinsa a ledarsu, ya yi godiya mai yawa ya tafi.

Shekara goma sha ɗaya ta wuce. Yaran Baba suka girma suka watse, gashinsa ya yi fari, gwiwar da ta yi kanta ta fara ƙara in zai durƙusa. Aka yi daraktoci biyu suka tafi. Gangarar katako ta ruɓe aka yi ta siminti. Daɓen kuwa yana nan kamar jiya aka shimfiɗa, masu zuwa daga wasu jami'o'i suna tambayar wane kamfani ke kula da shi, a nuna musu tsoho a kan benci. In an tambaye shi wane ɗalibi ya fi tunawa, Lauya yake cewa, ya ba da labarin gangarar da ya yi masa. Labarin takarda kam ba ya cikin abin da yake bayarwa.

A shekararsa ta ƙarshe aka kawo sabuwar darakta, mace, tsohuwar 'yar tsere, mai tafiya kamar ana jiranta a wani wuri. Wata biyu da zuwanta mota ta sauke kekunan wasa goma masu tayoyi a karkace. Ta ce ɗalibai masu keke za su riƙa wasa a zauren duk Laraba. Baba ya same ta a ofis ya ba ta labarin amalanke daga farko har ƙarshe, ya ce ba ƙin yaran yake yi ba, shi da ya yi wa ɗaya daga cikinsu gangara tun ita tana makaranta. Ta saurare shi ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ce, "Na ji, Baba. In ya ɓaci ni zan amsa. Laraba ƙarfe huɗu."

Ranar Laraba ya tsaya jikin bango, hannuwa a baya. Keke goma suka bazu a kan katakonsa. Suna gudu, suna taka birki, suna juyawa wuri ɗaya, suna karo ƙarfe da ƙarfe. Wata yarinya ta kife da kekenta, kafin a kai mata hannu ta miƙe tana dariya tana zagin wanda ya ture ta. Duk ƙarar taya sai ya ji ta a haƙoransa. Awa biyu bai zauna ba, bai kuma kalli ƙwallo ko sau ɗaya ba, ƙasa yake kallo.

Da suka watse ya rufe ƙofa ya ɗauko tsumma ya durƙusa. Akwai 'yan layuka masu toka-toka nan da can. Ya sa tsumma a kan na farko, shafa ɗaya ya tafi. Na biyu ma haka. Ya bi filin da rarrafe daga wannan kusurwa zuwa waccan yana neman tsaga, ko ƙarzuwa, ko wani ɗan lotsawa. Har kunci ya kwantar a ƙasa yana kallon daɓen ta hasken taga, don ta haka ne ba abin da ke ɓuya. Kuma gaskiyar magana so yake ya samu. Bai taɓa son ganin aibi a katakon nan ba sai ranar. Bai samu ba. Takalman 'yan ƙungiya sun fi wannan ɓata wuri a kowace Talata.

Ya zauna a tsakiyar fili da tsumma a hannu. Minti bakwai ya ɗauke shi ya goge bayan keke goma.

Da ya koma gida ya gaya wa uwar 'ya'yansa. Ya so ta ce ai na faɗa maka, da ya samu wanda zai yi wa fushi. Ba ta faɗa ba. Tambayarsa ta yi ko yaron yana raye, ya ce bai sani ba, ta ce to ya nema.

Mai horar da ƙungiya ne ya samo masa lambar wayar Lauya. Kwana tara takardar da aka rubuta lambar na aljihunsa, har ta yi laushi. Da ya daure ya kira, murya ta cika masa kunne da dariya, Baban Katako, kana nan? Ashe yana aikin lauya a wani gari mai nisan awa uku, ya yi aure, 'ya'ya biyu. Baba ya ce ya kusa ajiye aiki, yana so ya zo ya ga wani abu kafin ya miƙa mukulli. Lauya ya ce zai duba.

Ranar wata Asabar da hantsi ya zo, shi yake tuƙa motarsa. Ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa a gemu, kuma Baba ya lura a hankali yake tura keken, yana jingina ga hannun hagu. Zauren babu kowa. Baba ya riga ya cire allon, ya naɗe tabarmar roba ya jingine a lungu. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka yi dariyar wasu tsofaffin 'yan wasa da yanzu tumbi ya hana su ganin ƙafarsu. Duk wannan hira a gefen fili ake yinta, don Lauya na isa wajen farin layi ya tsaya da kansa, ba wanda ya ce masa tsaya.

Baba ya ce, "Shiga mana."

Lauya ya dubi tayoyinsa ya ce na waje ne, daga mota yake. Baba ya ce ya shiga hakanan. Ya tura a hankali har ƙarƙashin kwando, ya ɗaga kai yana kallonsa. Baba ya yi sauri ya ɗauko sabuwar ƙwallo, wadda ba a taɓa bugawa ba, ya ɗora masa a cinya ya ja da baya yana jira.

Lauya ya juya ƙwallon a hannu, ya matsa ta, ya shinshina. Sannan ya ce bara aka yi masa aiki a kafaɗar dama. Tun yana ɗan shekara shida take tura keke, ta gaji. Hannun ba ya wuce kunnensa yanzu, likita ya ce ko jaka kada ya ɗora a saman kabad. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin wani.

Baba ya rasa inda zai sa idonsa. Maganar da ya shirya kwana da kwanaki ta watse, sai ta fito a hargitse. Ya ce takardar nan ta shekara ta uku, ba darakta ne ya hana ba. An tambaye shi, an ce in ya yarda an yarda, shi ya ce zai ɓata katakon. Kuma bai gwada ba. Kuma da aka gwada babu abin da ya faru. Kuma ya yi masa ƙarya a bakin teburin can, har da tsaki.

Lauya ya ce, "Na sani, Baba. Sakatariyar darakta ta nuna mini takardar tun kafin a ba ni amsa. A kusurwa an rubuta, mai kula da zaure bai amince ba."

Baba ya lissafa a ransa. Shekara ɗaya da rabi ke nan yaron yana hawa gangara kullum, yana karɓar shayi daga hannunsa, yana amsa ɗana, alhali ya sani. Ya tambaye shi me ya sa bai yi magana ba, me ya sa ma ya ci gaba da zuwa.

"Magana ai na yi, shekara uku ina yi. Zuwa kuwa, ina zan je? Kullum in na hau gangarar nan sai in ce mutumin da ya yi wannan, wata rana zai ce bari mu gwada. Har ranar hoto ina sa rai."

Babu fushi a muryarsa, kuma Baba ya gwammace a ce akwai. Ya ce ya yafe masa. Lauya ya ce ai ya daɗe da wucewa, Allah ya yafe mana duka, kuma ya ji daɗi da yaran yanzu suka samu. Irin maganar da mai tarbiyya ke gaya wa tsoho ce, Baba ya san haka, don ba ta mayar da komai ba.

Lauya ya miƙa masa ƙwallon da hannun hagu, ya duba agogo ya ce yana so ya kama hanya kafin rana ta yi zafi. Sai ya ce bari dai ya zaga sau ɗaya tun da ya zo.

Ya bi gefen fili a hankali, ya sha kwana a kusurwa, ya wuce ƙarƙashin ɗaya kwandon, ya dawo ta ɗaya gefen. Babu ƙara sai ɗan kukan taya. Bai kai minti biyu ba ya iso bakin ƙofa, ya ce katakon akwai santsi, ya ɗaga hannu ya gangara waje. Baba na tsaye a tsakiyar fili rungume da ƙwallo har ya ji tashin motar. Ɗan zagayen nan shi ne abin da aka shekara huɗu ana roƙonsa.